Yadda Ake Gano Ciwon Fankar Lagireto Kafin A Ce A Yi Mata Dairek

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, babu kukan da ya fi yawa a gareji kamar na obahitin, wato injin mota ya ɗauki zafi fiye da kima. Mutum zai shigo allurar zafi ta kusa taɓa ja, ya ce a gosulon bakin babbar kasuwa ta fara hawa, amma da ya miƙe titin Gusau sai ta sauko. Kafin ya rufe baki wani ya tari numfashinsa: "Alhaji, tamostat za mu hidda, mu yi ma hwanka dairek, ka huta." Dairek shi ne a ja wa fanka wuta kai tsaye, ta yi ta juyawa ba hutu. Na daɗe ina aikin wayar mota a garin nan, kuma da yawa daga cikin fankokin da nake cirowa a ƙone, waɗanda aka yi wa irin wannan hutun ne. Fankar motar zamani tana da mai ba ta umarni. In ta ƙi tashi, wani abu ne ya katse tsakaninta da shi, kuma ana iya bin sawu a gano wurin.

Wa ke ba fanka umarni

Injin ba ya son sanyi yadda muke zato. An ƙera shi ya yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105 ko kusa da haka. A nan ne fetur ke ƙonewa tas, baƙin mai ya yi laushin da ake so, ƙarafa su buɗe su zauna daidai da juna. Tamostat mai gadin ƙofa ne, yana tsare ruwa cikin injin har ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 a yawancin motocin da muke hawa, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In mota na sheƙa gudu, iskar da ke shigowa ta gaba ta wadatar, fanka ba ta da aiki. Ranarta sai an tsaya, ko ana jan ciki a gosulo, ko an kunna esi.

Ɗan rahoton shi ne sansan zafin ruwa, ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke ɗaure kusa da gidan tamostat, bakinsa a cikin ruwa. Da sanyi yana tare wuta sosai, yana ɗumama yana sassautawa. Ƙwaƙwalwar mota, wadda a gareji muke ce wa birenbos, tana tura masa bolt 5, ta auna abin da ya rage, da haka take sanin zafin ruwa. Ba shi kaɗai take saurara ba. Tana duba matsin gas ɗin esi, tana duba gudun mota, a wasu motocin har da zafin man giya. Shi ya sa za ka kunna esi da sassafe injin na sanyi fanka ta tashi, kuma lafiyarta lau: kwandensa take hurawa, wato lagireton esi da ke gaban na injin, ba injin ba.

Yadda umarnin ke isa wurin fanka iri uku ne, kuma sai ka san irin da ke gabanka kafin ka ɗauki mita.

Tsohon yayi shi ne irin na Golf 3 da 'yan haya ke ji da ita: makunni ne a jikin lagireto, ruwa ya yi zafi ya haɗa waya, ya huce ya raba. Babu ruwan ƙwaƙwalwa.

Na biyu shi ne na rile. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar wutar fanka, sai ta taɓa rile da 'yar wuta kaɗan, shi kuma ya haɗa babbar waya daga batir. Don a samu gudu biyu, wasu kamar Peugeot 206 da 307 suna bi da wutar ta cikin rezista, ya rage mata ƙarfi a ƙaramin gudu. Wasu kuma, kamar Camry mai silinda huɗu da ke da fanka biyu da rile uku, dabara suke yi: a ƙaramin gudu sai a jera fankokin a layi ɗaya su raba bolt 12 kowacce ta samu wajen 6, in zafi ya ƙaru rile ya sauya haɗin kowacce ta samu 12 cif. Riƙe wannan, domin a irin wannan haɗin in fanka ɗaya ta mutu, ƙaramin gudun duka biyun ne ke ɗaukewa, sai a ɗora laifi kan mai lafiya.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane, mai modul. Za ka same shi a Mercedes da BMW, da Lexus RX 350, da Camry mai silinda shida ta 2007 zuwa sama. Modul ɗan akwati ne mai haƙarƙarin alminiyam da ke maƙale a jikin murfin fanka, a wasu kuma yana cikin bayan motan fankar kansa. Babu gudu ɗaya ko biyu a nan, kowane gudu ake so ana samu. Ka tuna fankar silin da regiletarta ta lalace. In ka sa yaro ya riƙa kunna ta yana kashewa da sauri, rabin lokaci a kunne rabi a kashe, ba za ta tsaya ba, za ta yi ta juyawa a matsakaicin gudu saboda nauyin fukafukanta. In ya tsawaita kunnawa ya taƙaita kashewa sai ta ƙara gudu. Abin da modul ke yi ke nan da tiransista, sai dai shi sau dubbai yake yi a daƙiƙa ɗaya. A takardun gyara PWM ake rubutawa. Ita ma ƙwaƙwalwa da irin wannan yaren na kunna-kashe take yi wa modul magana ta wata siririyar waya. A motocin Jamus da yawa, kashi 10 cikin 100 na lokaci a kunne na nufin "zauna, ina nan", kashi 50 matsakaicin gudu, kashi 90 kuma iya ƙarfinka. Wasu kamfanonin a juye suke lissafin.

Me ya sa aka sha wannan wahalar? Fanka tana da wata ɗabi'a: in ka rage gudunta zuwa rabi, wutar da take ci ba rabi take komawa ba, wajen kashi ɗaya cikin takwas take komawa. Ga shi kuma modul a hankali yake tayar da ita, ba ya fizgar batir da altaneta lokaci guda.

Mataki na farko: tabbatar ma fankar ce

Kafin komai, abu biyu. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100 kuma fuska yake nema. Sannan fanka tana iya tashi ko da an zare makulli, don haka kada yatsa ko hannun riga ya kusance ta sai an cire kan batir na negetif.

Tambayi mai mota yaushe take zafi. In a tsaye ne ko a gosulo, tana samun titi ta huce, to maganar fanka ce ko hanyar iska. In kuwa a kan gudu take zafi, a hanyar Illela ko ta Gusau, bar fanka ta sarara, ba ita ba ce. Nemi lagireto da ya toshe, ko tamostat da ya maƙale a rufe, ko famfon ruwa, ko gasket.

Da injin a sanyi, duba ruwa, duba murfi. Akwai lamba a kansa, galibi 0.9 ko 1.1, matsin da yake riƙewa ke nan, kuma shi ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage zai sa mota ta yi aman ruwa alhali fanka na aikinta. Sai ka haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. Abin da nake tararwa a wannan lungun bayan hunturu ya isa a yi shuka: ƙura, ganyen dogonyaro, ledar fiya wata. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kuma a kauce wa soket ɗin modul. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa ma yana barin farin dutse cikin bututun lagireto, kamar yadda yake yi a butar shayi.

Na biyu: bar allura, tambayi ƙwaƙwalwa

Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce. A motoci da yawa an saita ta ta tsaya a tsakiya ko da zafin na hawa da sauka, don kada hankalin direba ya tashi. Sikana ake so, wato na'urar da ke karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ke gani. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur daga 2001. Ko ɗan ƙaramin ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu zai nuna maka zafin ruwa da lamba.

Gwajin da na fi so da safe ake yin sa, motar ta kwana ba a tayar ba. Murɗa makulli kada ka tayar, ka kwatanta zafin ruwa da zafin iskar da injin ke shaƙa. Ya kamata su zo kusan ɗaya, tunda dare ɗaya suka kwana a wuri ɗaya. In iska ta ce 30 ruwa ya ce 10, sansa na ƙarya, kuma zai sa fanka ta makara. In ka ga 40 ƙasa da sifili, a Sakkwato, to waya ce ta tsinke ko soket ya fita.

Karanta lambobin laifi. P0480 da P0481 na hanyar umarnin fanka ta ɗaya da ta biyu ne. P0115 zuwa P0119 na sansan ruwa ne. P0128 na cewa injin ya ƙi kai zafin da ya kamata, wato tamostat ya maƙale a buɗe ko an cire shi. Lamba unguwa take nuna maka, ba gida ba. P0480 bai ce ka sayi modul ba.

Yanzu tayar da injin, esi a kashe, ka zuba wa lambar ido tana hawa. Toyota da yawa suna tayar da fanka a wajen digiri 95, wasu motocin Turai sai sun haura 100. Na sha ganin an yanke wa fanka hukunci a digiri 90, alhali lokacinta ne bai yi ba. In sikanarka babba ce, tana da wurin da za ka umarci fanka ta tashi kai tsaye. Ta tashi a kowane gudu? To fiyus da rile da modul da motan fanka duk ka wanke su daga zargi, koma wajen sansa. In babu irin wannan sikanar, kunna esi, muddin akwai gas a ciki. Fankar da ke tashi da esi amma ta ƙi tashi da zafi ta riga ta gaya maka rabin labari.

Na uku: fiyus da rile

Wannan ba ya cin lokaci. Fiyus ɗin fanka babba ne, amp 30 zuwa 60, yana akwatin cikin bonet. Auna shi da mita, ido na yaudara. In ya ƙone kada ka musanya ka tafi, kuma kada ka naɗa masa silin waya. Wani abu ne ya ƙona shi, galibi motan fanka da ya fara cijewa. Rile kuma, nemi wani mai lamba iri ɗaya a akwatin ka musanya su ka gani. In za ka auna, ƙafa 85 da 86 su ne naɗin waya, za su ba ka om 50 zuwa 120. Ba su wuta ka ji ƙas, sannan 30 da 87 su haɗu. Jin ƙas kaɗai ba shaida ba ce, bakin na iya ƙonewa yana ƙara. A Peugeot, in babban gudu na nan ƙarami ya ɓata, je ka duba rezistan da ke jikin murfin fanka, a bakin iska da ruwa yake, tsatsa na cin sa.

Na huɗu: motan fankar

Cire negetif, juya fukafukan da hannu. Su juya sumul, ba gurnani, ba girgiɗi. In mota ne mai waya biyu masu kauri, zare soket ka ba shi wuta daga batir ta waya mai fiyus. In sai ka ƙwanƙwasa bayansa yake tashi, kabon ɗinsa ya cinye. In yana juyawa a kasale ko wayar na ɗaukar zafi, ya gaji, kuma shi ne zai kashe sabon modul in ka saka ba ka canza shi ba.

Wanda modul ke cikinsa ba a yi masa wannan gwajin. Ko ka ba manyan wayoyin wuta ba zai motsa ba sai ya ji umarni, kuma da yawa an jefar da su da lafiyarsu saboda haka.

Na biyar: modul, inda ake asarar kuɗi

Modul abu uku yake buƙata: wuta, at (wato wayar negetif da ke kama bodin mota), da umarni. A soket ɗinsa za ka ga manyan wayoyi biyu da siririya ɗaya ko biyu. In siraran biyu ne, ɗaya ta makulli ce mai tashe shi daga barci.

Fara da manyan. Injin na aiki ya kamata ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5. Amma a nan mita ke yaudarar yara masu koyo: wayar da saura sili biyu ta tsinke za ta nuna bolt 14 in babu kaya a kanta, fanka na neman amp 30 sai ta durƙushe. Don haka auna lokacin da aka umarci fanka ta tashi, soket a haɗe, ka soka ta baya. Sa tsinken mita ɗaya a kan batir na fozitif, ɗayan a babbar wayar modul. Abin da ya ɓace a hanya kada ya wuce rabin bolt. Yi haka tsakanin negetif da wayar at. Sau da yawa ciwon gaba ɗaya ƙusa ce guda da ta yi tsatsa inda at ya kama bodi, musamman motar da aka taɓa yi wa aikin gaba bayan hatsari aka fesa fenti a wurin. Duba bakin soket ma, in robar ta yi baƙi ko ta narke, haɗin ya saki.

Sai siririyar. A nan ina roƙon 'yan'uwana riwaya: a ajiye gulob ɗin gwaji. Wayar nan daga cikin ƙwaƙwalwa take, gulob na iya jan wutar da ta fi ƙarfinta, balle a ce an dosa mata bolt 12 don a ga ko fanka za ta motsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan, daga kuɗin modul a koma kuɗin birenbos. Yi amfani da mita mai alamar Hz da %. Soka ta baya, soket a haɗe, domin a wasu motocin modul ne ke ɗora wutar a kan wayar, ƙwaƙwalwa tana jan ta ƙasa ne kawai, in ka zare ba za ka ga komai ba. Kunna esi ko ka bar injin ya yi zafi, ka ga ko kason na sauyawa. Ba lallai ka san lambar kamfani ba, sauyawar ake nema.

In wuta ta isa, at na da kyau, kason na sauyawa, motan fanka lafiya, amma shiru, yanzu ne ka isa ka ce modul ya mutu. In kason ba ya nan, bi wayar har ƙwaƙwalwa, ɓera da gogar ƙarfe sun fi birenbos yawan laifi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma akasin haka: ana murɗa makulli fanka ta ɗauki kuka kamar jirgi, injin na sanyi. A motoci da yawa wannan da gangan ne. In modul ya daina jin umarni, ko ƙwaƙwalwa ta daina yarda da sansan ruwa ko na matsin esi, sai a saki fanka da iya ƙarfinta don kada injin ya ƙone. Zare sansan ruwa ka auna. Irin na Toyota da makamantansa yana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, wajen 1,100 zuwa 1,200 a digiri 40, wato a inuwar garejinmu da rana, sannan wajen 300 a digiri 80. Tsoma bakinsa a ruwan zafi ka ga lambar na sauka a hankali ba tsalle.

Abin da dairek ke jawowa

Fankar da aka ƙera ta yi minti biyu ta huta, an sa ta gudu daga Sakkwato har Kano. Kabon ya cinye, altaneta na ɗauke da ƙarin amp 20 ko 30 dare da rana, kuma sau da yawa wayar da aka ja ba ta da fiyus, an murɗa ta da hannu an naɗe da salatif kusa da tiyon mai. In an haɗa da cire tamostat, da asubahin hunturu injin ba zai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu ɗumi ake yi, ta yi ta ƙara fetur. Fulogi su yi baƙi, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Wani abin da ba a cika sani ba: a injina da yawa tamostat in ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin injin. Ka cire shi, wani kason ruwan ya riƙa bin gajeriyar ba ya leƙa lagireto, sai motar ta yi zafi a watan Mayu duk da fankar na ihu. Gyaran gangar Abzinawa. Uwa uba, ainihin ciwon yana nan an lulluɓe shi.

In fanka ta mutu maka a hanya, a ce tsakanin Shagari da Tambuwal, dairek mai fiyus don ka isa gari ba laifi ba ne, in motan mai waya biyu ne. Kafin haka kashe esi, ka buɗe hita har ƙarshe in ba a toshe ta ba, za ka sha gumi amma tana janye zafi daga injin. A motoci da yawa zare soket ɗin sansan ruwa ma na tilasta fanka ta tashi, sai dai fitilar injin za ta kama.

Saka sabo, da mayar da wadda aka riga aka yanka

In za ka shiga kasuwa neman kaya, tafi da tsohon a hannu ka haɗa lamba da lamba. Modul biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, amma yarensu daban, ɗaya ya ji kashi 90 ya ruga, ɗayan ya ji ya kwanta. Kada ka yar da murfin robar da ke kewaye da fanka, shi ke tilasta iska ta ratsa lagireto maimakon ta zagaye. Bayan ka ɗaura, sa takarda a gaban kwandensa fanka na juyawa. Ta manne, daidai. In turo ta ake yi, an juya wayoyin, fankar na faɗa da iskar titi.

Motar da aka riga aka yi wa dairek kuwa, bi sabuwar wayar ka cire ta gaba ɗaya, nemo asalin wayoyin da aka yanke ka haɗa launi da launi da dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Mayar da tamostat mai lambar digirin da kamfani ya sa, in yana da ɗan ƙaramin rami mai tsinke a gefe, ramin ya kalli sama don iska ta fita. Zuba ruwan kulan, fitar da iska, domin sansan da ke zaune cikin kumfar iska ba ya jin zafin ruwa. Goge lambobin laifi, ka bar injin na aiki a tsaye da sikana a hannu, esi a kashe, har ka ga fanka ta tashi, lambar ta sauko da 'yan digiri, ta mutu da kanta, ta sake tashi karo na biyu. Sannan kunna esi ka tsaya da ita a rana minti goma sha biyar kafin ka miƙa makulli.